Daga kayen Gwaggo zuwa Python: yadda na koyi lissafin talla a Yamai

Bayan na gama lisansi a fannin tafiyar da kasuwanci a Jami'ar Abdou Moumouni, na shiga zaman jiran aiki irin wanda kowa ya sani. Na ajiye takardu a ofisoshi, na yi sitaj nan da can, shiru. A cikin wannan zama ne Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta ce in riƙa zuwa butik ina kama mata. Shadda da lesi da atamfa take sayarwa kusa da kasuwar Wadata, kuma ta daɗe a sana'ar, tun tana bin gidaje da ƙunshin kaya a Tawa kafin aure ya kawo ta Yamai. Waya aka danƙa mini: in ɗauki hoto, in sa a WhatsApp, in amsa saƙo, in kula da shafinmu na Facebook. Lokaci-lokaci mukan biya kuɗi a tura hotunanmu gaba, su kai ga mutanen da ba su san mu ba.

Wata rana Gwaggo ta tambaye ni, "Ɗiyata, jika 10 ɗin nan da muka ba su, turmi nawa ta sayar mana?" Na buɗe waya na nuna mata yawan waɗanda suka ga tallar da waɗanda suka danna alamar so. Ta ce, "Gani ba ci ba ne. Ni turmi na tambaye ki." Ba ni da amsa, kuma duk wanda na tambaya a cikin masu irin aikina, shi ma yawan masu kallo yake ƙirgawa. Neman amsar wannan tambaya ne ya kai ni ga karatun nazarin alƙaluman talla, daga nan kuma ya ja ni zuwa kimiyyar sarrafa bayanai.

Abin da na fara nema shi ne inda zan koya ba tare da na bar gari ba. Akwai masu ba da horo kan talla ta intanet a Yamai, wasu sun iya aikinsu, sai dai yawancin waɗanda na leƙa sun fi ƙarfi a kan buɗe shafi da haɗa hoto mai kyau a manhajar Canva. Ni lissafin nake so. A Coursera, wani shafin karatu ta intanet, na same shi. Google na da kwas na nazarin bayanai da ya fito a 2021, mai koyar da teburin lissafi da SQL (harshen yi wa tarin bayanai tambaya) da zana alƙaluma. Meta, wato kamfanin Facebook da WhatsApp da Instagram tun da ya canza suna a 2021, shi ma yana da nasa da ya shafi nazarin talla kai tsaye, har da Python (harshen rubuta wa kwamfuta umarni) da ilimin ƙididdiga. Kuɗin wata-wata ne, da dalar Amurka, kuma sai da katin banki. Na bi ta hanyar neman tallafi: ka rubuta halin da kake ciki da abin da za ka yi da ilimin, ka jira kamar mako biyu. Aka amince mini.

Sauran wahalhalun namu ne na gida, ba sai na tsawaita ba. Mu 'yan lakwal ɗin Faransanci ne, darussan kuwa da Turancin Amurka, don haka nakan rage gudun bidiyo in bi fassarar da ke fitowa a ƙasa, abin da ya shige mini duhu kuma in je shafin karatu na OpenClassrooms in nemi makamancinsa da Faransanci. Forfe na dare nake saye in sauke bidiyoyi a waya, in kalla da rana in kasuwa ta lafa. Na fara ne a 2023, shekarar da takunkumi ya sa wutar da ke zuwa mana daga Najeriya ta tsaya a watan Agusta, sai ya zama duk lokacin da wuta ta zo, kwamfuta ake fara sa wa kafin komai. A shekarar ne kuma, ran 1 ga Yuli, tsohon Google Analytics, manhajar Google mai bin motsin masu ziyartar shafin intanet, ya daina karɓar bayanai, sabon da ake kira GA4 ya maye gurbinsa. Bidiyoyi da yawa na YouTube tsohon suke nunawa, saboda haka wanda zai fara, ya riƙa duba shekarar da aka ɗora darasi kafin ya ƙona mega a kai.

Matakin farko teburin lissafi ne, Excel ko Google Sheets. A jami'a mun yi ƙididdiga, mun ci jarrabawa, amma alƙaluman da malam ke rubutawa a allo tsaftatattu ne. Nan kuwa sai aka fara da wankin bayanai: layin da ya maimaitu, gurbin da aka bari babu komai, kwanan wata da aka rubuta iri uku. Darasi guda ya zauna mini tun a makon farko, bambancin matsakaici da na tsakiya. A ce mata tara kowace ta yi sayayyar sefa 15,000, sai Hajiya guda ta zo haɗa lefe ta kashe 600,000. In ka tara ka raba goma, wato matsakaici, za ka ce kowace kiliya tana kashe 73,500, alhali babu mace ko ɗaya a cikinsu da ta kashe haka. In kuwa ka jera su daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki ta tsakiya, 15,000 za ka samu, kuma ita ce gaskiyar butik ɗin. Wanda ya tsara talla ko ya yi odar kaya bisa 73,500 zai cika kanta da lesin da mutum ɗaya cikin goma ne kawai ke iya saye.

Inda karatun ya yi karo da rayuwarmu shi ne lokacin da muka shiga Google Analytics. Google na da asusun gwaji da kowa zai iya buɗewa kyauta, na kantinsa na intanet mai sayar da riguna da kofuna masu tambarinsa. A ciki kana ganin komai: mutum ya shigo daga wace talla, ya kalli wane kaya, ya jefa a kwando, ya sa lambar kati, ko kuma ya fasa a wane mataki. Duk motsin da ya yi an rubuta shi. Akan liƙa wa adireshin talla 'yan alamomi da ake kira UTM, su ne ke gaya wa shafin daga ina baƙo ya fito. Abin ya burge ni matuƙa. Na rufe kwamfuta na dubi yadda muke ciniki, sai na ga babu mataki ko guda da ya yi kama da wannan.

Ga yadda ake sayen shadda a wurinmu. Mace a Arlit ta ga hoto a wayar maƙwabciyarta. Ta karɓi lamba, ta turo saƙon murya, ta yi sallama, ta tambayi lafiyar gida da zafi, sannan ta ce shuɗiyar nan da aka sa shekaranjiya, mita biyar nawa. A yi ciniki, ta ce a ƙara haske a sake ɗauko mata hoto a rana don ta ga ainihin launin. Ta yi shiru kwana da kwanaki har albashin maigida ya shigo ko kwasar adashinta ta zo. Sai ta aiki yaro ajans ɗin NITA ko Amana ko Al Izza ya turo kuɗi, ta ɗauki hoton resi ta aiko, wani lokaci daga wata lambar daban. Mu kuma mu naɗe kaya, mu rubuta suna da lamba a jikin koli, yaron butik ya kai tashar Rimbo ko STM, mota ta tafi da shi. Babu shafin intanet, babu kwando, babu kati. Facebook iyakar saninsa an danna talla an buɗe hira a WhatsApp. Ko a tsarinsa na asali, cinikin da yake jingina wa talla shi ne wanda ya faru cikin kwana 7 bayan dannawa ko kwana 1 bayan gani, matar Arlit kuwa sai bayan mako uku ta biya, a wurin da idonsa ba ya kaiwa.

Darussan sun ɓata lokaci mai tsawo a kan canjin da Apple ya kawo a 2021, wanda ya sa dole manhaja ta nemi izinin mai iPhone kafin ta bi sawunsa. Babban al'amari ne ga 'yan talla a Amurka da Turai. A nan wayoyin da ke hannun yawancin mutanenmu Tecno ne da Itel da Infinix, kuma damuwarmu ta riga wannan nisa: mu bayanan ne ma babu su. Su can ana koya musu nazarin abin da na'ura ta riga ta tara. Mu sai mun fara tarawa da hannunmu. A ganina wannan shi ne rabin aikin ga duk mai son yin wannan sana'a a Nijar, kuma babu kwas ɗin da na gani ya ware masa darasi.

Sai na koma kan kayen Gwaggo. Tana da tarin su a cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin kanta, irin na 'yan makaranta, gefunansu sun yi laushi don yawan buɗawa. Rubutunta na kanta ne. Ba ta cika sa cikakken suna ba: "matar soja", "Hajiya ta Ƙonni", "uwar 'yan biyu". Kuɗi wani wuri da jika, wani wuri da dala. Bashin da aka biya ta ja masa layi biyu, wanda aka biya rabi ta zagaye shi. Kullum bayan la'asar in zauna gefenta da kwamfuta, in karanto, ita ta fassara mini. "Wannan ai ɗiyar waccan ce, tare suke saye." "Wannan ta rasu bara, Allah ya jiƙanta, na yafe sauran." A wannan zama na gane cewa duk abin da ake kira rarraba kiliya gida-gida a kwas, Gwaggo tana yin sa a ka tun ban san kaina ba. Abin da take rasawa shi ne ta ga su duka a lokaci guda.

Tambayar da ta fi ci mini lokaci ita ce, da me zan gane mutum ɗaya? Lambar waya ta fi suna tabbas, amma mutanenmu kan riƙe layi biyu ko uku, Airtel da Moov da Zamani, gwargwadon inda reso ya fi kyau ko kira ya fi araha. Wata da wayar mijinta take magana, wata da ta ɗanta. Wata kuma lamba guda ce, amma ankon biki take haɗa wa mata goma sha, wato kiliya ɗaya a tebur, gida goma a zahiri. Na ba kowace mace lamba tata ta butik, na jera layukanta duka a ƙarƙashi. Sunayen garuruwa ma sai da na daidaita, don Zinder da Damagaram wuri ɗaya ne amma kwamfuta gari biyu take ƙirga su, haka Tahoua da Tawa. Daga ƙarshe teburin ya tsaya a kan abubuwa kaɗan: rana, lambar kiliya, gari, irin kaya, yawa, farashin saye, farashin sayarwa, abin da aka biya, abin da ya saura, da kuma inda ta gan mu.

Wannan gurbi na ƙarshe shi ne zuciyar aikin, kuma hanya biyu na bi don cike shi. Ta farko ita ce tambaya da baki. Duk sabuwar da ta yi sallama, bayan gaisuwa sai in ce, "Hajiya, a ina kika samu lambarmu?" Ba wadda ta taɓa jin haushi. Ta biyu dabara ce da WhatsApp ya ba da dama: ana iya haɗa adireshin da in an danna shi, hira za ta buɗe da saƙon da aka riga aka rubuta. Kowace talla na ba ta nata saƙon. Ta shaddar Sallah tana zuwa da "Salamu alaikum, na ga shaddar Sallah", ta lesi tana zuwa da nata. Da zarar saƙo ya shigo na san ƙofar da ya biyo, in manna wa hirar alama mai launi a WhatsApp Business, da daddare in zuba a tebur. Aikin UTM ɗin nan ne, da kayan da muke da su.

Da bayanai suka taru, sai amsar Gwaggo ta fara fitowa. Zan ba da misali da alƙaluma masu sauƙi don a ga yadda lissafin yake. A ce talla biyu, kowace an kashe mata jika 10. Ta farko ta kawo saƙo 100, mutum 2 suka saya. Ta biyu ta kawo saƙo 25, mutum 5 suka saya. A allon Facebook ta farko ce gwana, don kowane saƙo ya tsaya a sefa 100, na ta biyu kuwa 400. Amma in ka raba kuɗin da masu saye, ta farko kowace kiliya ta ci maka 5,000, ta biyu 2,000. Ga kuma lokacin da ka ɓata kana amsa "nawa ne" sau 98 a banza. Irin wannan hoton ne ya bayyana a namu teburin. Tallar da ba a sa farashi ba tana tara masu tambaya. Wadda aka rubuta farashi ƙarara tana rage hayaniya, ta bar masu niyya. Tun daga nan ba ma sakin talla babu farashi, ko da yake Gwaggo ta ɗan yi jinkirin yarda, saboda a kasuwa ba a saba buɗe farashi kafin a ga fuskar mai saye ba.

Akwai wata tsohuwar hanya da na koya mai suna RFM, wadda masu sayar da kaya ta wasiƙa a Amurka suka daɗe suna amfani da ita tun kafin intanet. Tambaya uku ce a kan kowace kiliya: yaushe rabonta da saye, sau nawa ta saya, nawa ta kashe gaba ɗaya. Da na jera matanmu a kan wannan, manyan kiliya ba su ba Gwaggo mamaki ba, ta san su har da sunayen jikokinsu. Jerin da ya sa ta yi shiru shi ne na matan da a da suke saye a kai a kai, sannan suka ɗauke ƙafa ba tare da faɗa ko bashi ba. Wanda ya daina zuwa ba ya yin ƙara, shi ya sa ba a lura da shi. Gwaggo ta karɓi jerin, ta ce wannan ba aikin talla ba ne. Ita da kanta ta riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya, ba don ta tallata kaya ba, gaisuwa kawai. Wata ta yi haihuwa ba mu sani ba, wata an yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa Diffa, wata kuma ta ce lesin da ta saya na ƙarshe ya zuba, kunya ta hana ta faɗa. Da yawansu sun dawo, kuma ko dala ba mu biya Facebook a kansu ba.

Na ƙara wa hanyar tambaya ta huɗu da babu ita a littattafansu: tana biya? A kwas, da an ce an sayar to kuɗi ya shiga. A wurinmu kaya kan fita yau, kuɗi ya biyo baya kashi-kashi har bayan Sallah. Kiliyar da ta fi kowa ɗaukar kaya ba lalle ne ita ce ta fi kawo riba ba, in kuɗin yana kwana wata huɗu a hannunta alhali dila yana jiran nasa.

Sai maganar kalanda, wadda nake ganin duk ɗalibin wannan fanni a ƙasashenmu ya kamata ya riƙe da kyau. Kayan aikin nazari an gina su ne a kan kwatanta wata da takwaransa na bara, Yuni da Yuni, Disamba da Disamba, domin kasuwarsu Kirsimeti take bi, ita kuwa ba ta motsi. Tamu kasuwar azumi da Sallah take bi, shekarar Musulunci kuma tana gaza ta bature da kusan kwana 11. Sallar Layya ta 2023 ta faɗo a ƙarshen Yuni, ta 2024 a tsakiyarsa, ta 2025 a farkonsa. Ga mai sayar da shadda kuwa ba ranar Sallah ce ke da muhimmanci ba, ranar da teloli ke rufe karɓar ɗinki ce, saboda haka ruwan ciniki makonni kafin Sallah yake sauka. Ke nan cinikin da ya faɗo cikin Yuni a 2023 ya koma cikin Mayu a 2025. Mai kwatanta Yuni da Yuni zai ce kasuwa ta mutu, mai kwatanta Mayu da Mayu zai ce tallarsa ta yi abin al'ajabi, kuma duka biyun ba haka ba ne. Na buɗe sabon gurbi a tebur, "saura kwana nawa Sallah", na koma kwatanta shekaru da shi. Na ƙara alamar ƙarshen wata saboda albashi, da ta komawar yara lakwal a Oktoba, lokacin da kuɗin gida ke tafiya wajen kaye da kuɗin makaranta. Haka kuma ina ƙirga mita da turmi, ba sefa kaɗai ba, don in farashi ya hau, kuɗin da ke shiga kan ƙaru alhali kayan da ke fita sun ragu. Alƙaluman farashi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ke fitarwa wata-wata suna taimaka wa mai son tantance wannan.

Daga nan ne darasin da ake nanatawa a ƙididdiga ya zama mini abin gani da ido: abu biyu su faru tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan. Duk tallar da aka saki a goman tsakiyar azumi za ta yi kamar ta yi aiki, don ko ba ita mata za su sayi kayan Sallah. Hanyar sanin gaskiya ita ce gwaji na gefe da gefe: talla iri biyu, lokaci guda, kuɗi daidai, abu ɗaya tak ya bambanta su, kuma a raba masu kallo ba tare da zaɓe ba. Meta na da wurin yin haka, yana raba mutane yadda wanda ya ga wannan ba zai ga waccan ba. Mun gwada hoto mai rubutun Faransanci da ɗan bidiyo inda Gwaggo ke ɗaga shadda a rana tana bayani da Hausa, ana jin ƙarar ƙyallen in ta murza shi. A namu gwaje-gwajen muryar ce ke rinjaye, musamman a wajen Yamai. Amma ina taka-tsantsan da wannan magana. Butik ƙarami masu sayensa kaɗan ne, in wannan talla ta kawo mutum 6 waccan ta kawo 4, wannan ba hujja ba ce, sa'a ma tana iya kawo haka. Sai an maimaita a lokuta daban-daban an ga abin yana komawa gefe guda. Kuma Yamai gari ne na Zabarmanci da Hausa da Faransanci, abin da ya yi wa matan Tawa da Maraɗi daidai ba dole ne ya yi wa na Harobanda, unguwar ƙetaren kogi a Yamai, ba.

SQL da Python sun zo daga baya. SQL bai ba ni wuya sosai ba, tambaya ce kake yi wa tebur cikin tsari: kawo mini wannan, daga can, in ya cika sharaɗi kaza, ka tara su gari-gari. Na yi atisaye a BigQuery, rumbun bayanai na intanet, inda Google ya ajiye samfurin bayanan kantin nan nasa don masu koyo. Python ya fi neman haƙuri. Kwamfutata tsohuwa ce, don haka a Google Colab nake aiki, wanda ke gudana cikin burauza ba sai ka girka komai ba, illa dai in intanet ya yanke ka tsaya. Da pandas, kayan aikin tebur na Python, na koyi yin wankin da a da yake cin yammata guda cikin layuka kaɗan, kuma gobe in sababbin bayanai sun zo, umarnin nan dai zan sake bugawa.

Zan faɗi ra'ayina a fili game da wannan mataki, don ina ganin tallace-tallacen da ke cewa za a mayar da mutum masanin kimiyyar bayanai cikin wata uku. Butik irin namu Google Sheets ya ishe shi har gobe. Dabarun koyar da na'ura hasashe suna bukatar bayanai masu ɗimbin yawa, in ka ɗora su a kan 'yan ɗaruruwan layuka za su ba ka amsa mai kama da ilimi wadda ba ta da tushe. Python da SQL suna da amfani ga mai neman aiki a kamfanonin waya, bankuna, kamfanonin tura kuɗi, ko ƙungiyoyin agaji masu tattara bayanai da manhajar KoboToolbox, kuma saboda wannan ƙofar na dage da su. Amma wanda bai iya tsara tebur mai tsafta ba, bai kuma san bambancin matsakaici da na tsakiya ba, Python ba zai rufa masa asiri ba. Na kuma haɗa allon alƙaluma mai zane-zane a manhajar Looker Studio ta Google, ya yi kyau, na sa shi cikin ayyukan da nake nuna wa masu ɗaukar aiki tare da takardar shaidar da na samu, bayan na cire sunaye da lambobi. Gwaggo ba ta buɗe shi. Abin da take so saƙon murya ne duk ranar Asabar: nawa ya shigo, nawa ke waje, wane kaya ne ya kwana bai motsa ba.

Cire sunayen nan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Teburin da ke hannuna yana ɗauke da lambobin matan aure, da garuruwansu, da bashin da ke kansu, wanda wata ko mijinta bai sani ba. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da ke kula da ita, HAPDP, kuma ya kamata duk mai wannan aiki ya karanta ta. Kafin doka ma akwai amana. A kwas an koya mana yadda ake ɗora jerin lambobin kiliya a Facebook don ya nemo masu kama da su. Na iya, amma ban yi ba, domin matar da ta ba mu lambarta don a aika mata koli ba ta ba mu ita don wannan ba. Wani ɗan kasuwa ya taɓa neman in sayar masa da jerin, na ce a'a. Teburin yana da kalmar sirri, gurbin bashi kuma daga ni sai Gwaggo.

Yanzu wasu 'yan kasuwa na layinmu sun fara kirana in duba musu tallarsu, akwai mai turaren wuta da humra, akwai mai kilishi da cuku da yake kawowa daga Adar. Kusan dukansu da maganar Facebook suke zuwa, ni kuma da kaye nake fara su. Nakan zana musu gurabun a shafin farko da hannuna, in ce su cika na wata uku, kowane ciniki, har wanda aka yi a bakin ƙofa, sannan mu zauna. Wasu ba sa dawowa. Waɗanda suka dawo da kaye cike, a zama ɗaya muke gano inda kuɗin tallarsu ke zuba.

Abin da nake fama da shi a yanzu shi ne gurbin "a ina kika gan mu". Amsar da ta fi yawa a cikinsa ba Facebook ba ce, ba kuma WhatsApp ba, ita ce "wance ce ta ba ni lambarku", ko "na gani a jikin wata a wurin biki". Ita wancen kuwa sau da yawa ta hanyar talla ta fara zuwa mana, wato talla guda tana iya haifar da ciniki hawa biyu ko uku da lissafina na farko bai ba ta ladansu ba. Don haka na ƙara gurbin "wa ya turo ki", ina ɗaura kowace sabuwa da lambar wadda ta kawo ta, in ga tsawon igiyar da inda ta faro. Ya riga ya nuna mana wata malamar makaranta a Dosso da ba ta cika sayen mai tsada ba, amma mata da yawa ta hannunta suka zo. Gwaggo ta sa mata turmin atamfa a cikin kolinta na Sallah a matsayin tukuici. Bayanan wannan gurbi ba su kai shekara ba tukuna, sai azumi mai zuwa ya wuce zan samu zagaye cikakke da zan iya sake lissafin abin da kowace talla ta kawo.